Ɗiyar Bora a Kan Allon Kwamfuta

A watannin bazara, lokacin da zafin Bauchi ke hana mutum shiga ɗaki sai dare ya raba, na saba shimfiɗa tabarma a tsakar gida in buɗe tsohuwar kwamfutata, wadda batirinta ba ya wuce awa biyu idan an ɗauke wuta. Wannan ƙarancin caji ne ya fara kai ni ga ƙananan wasannin kwamfuta. Manyan wasannin da samari ke bugawa a shagunan Wunti da Gwallameji, na ƙwallo da na harbe-harbe, suna buƙatar na'ura mai ƙarfi da data mai yawa, ni kuwa ba ni da ko ɗaya. Abin da nake nema shi ne wasan da zan sauke cikin 'yan mintoci, in fara shi bayan sallar isha'i, in kai ƙarshensa kafin allon ya mutu. A cikin wannan nema na faɗa wata duniya da ban san da ita ba, ta mutanen da ke ƙera wasa su kaɗai ko su biyu a ɗakunan kwanansu, ba tare da wani kamfani a bayansu ba, kuma da yawa daga cikinsu tatsuniya suke ɗauka su juya ta.

Mafi yawan waɗannan wasanni ana samun su a dandalin itch.io, wanda Leaf Corcoran ya buɗe a shekarar 2013. Duk wanda ya ga dama yana iya ɗora wasansa a can, ya sa masa kuɗi, ko ya bar shi kyauta, ko ya ce mai saukewa ya biya abin da ya sawwaƙa. Wannan tsari ya yi mini rana, domin a lokacin biyan dala da katin naira wahala ne da duk wanda ya taɓa gwadawa ya sani. Iri biyu ne suka fi jan hankalina. Na farko shi ne labari mai hotuna, wanda ya yi ƙarfi a Japan kafin ya bazu a duniya: mutum yana karanta zance a ƙasan allo, hotunan masu magana suna sama, kiɗa yana tashi a hankali, can sai labarin ya tsaya ya ba shi zaɓi biyu ko uku, kowane zaɓi kuma da hanyar da yake ɓullewa. Na biyu shi ne wasa ƙwaƙwalwa, wanda ake ba mutum ƙulli ya kwance. Waɗanda suka fi burge ni su ne waɗanda suka haɗa biyun, har ya zama labarin da kansa shi ne ƙullin.

Wanda ya fi zauna mini a rai shi ne Bad End Theater, wanda NomnomNami ta fitar a shekarar 2021. Mutum huɗu ne a cikinsa, dukkansu sanannu a tatsuniyoyin Turai: jarumi, da budurwa, da ƙaramin aljani mai hidima, da sarauniyar aljanu. An yi wa budurwar duba tun da daɗewa cewa za a sace ta a kai fadar aljanu, jarumin kuma an raine shi ne domin ya je ya ceto ta. Mai wasa yana zaɓar ɗaya daga cikin huɗun ya bi labarin ta idonsa. Hikimar tana nan: duk halin da ka zaɓar wa mutum ɗaya yana zama a jikinsa, idan ka koma ka ɗauki wani sai ka tarar da na farkon yana aikata abin da ka koya masa. Idan ka mai da ƙaramin aljanin mayunwaci, to ranar da ka ɗauki budurwar ka haɗu da shi a hanya, kai za ka sha wuyar yunwar da ka ɗora masa. Akwai taswira da ke nuna rassan labarin, waɗanda ka bi da waɗanda ba ka kai gare su ba tukuna, kuma akwai ƙarshe fiye da 40, kusan dukkansu marasa daɗi. Na shafe dare biyu ina kunna wannan hali ina kashe wancan, ina neman hanyar da kowa zai tsira, kuma a hankali na gane cewa babu mugu na asali a cikin huɗun. Kowannensu an ba shi matsayi ne tun kafin ya buɗe baki, matsayin ne kuma ke tura shi ga halaka.

Wani kuma shi ne Storyteller, na Daniel Benmergui ɗan ƙasar Ajantina, wanda ya fito a watan Maris na 2023 bayan ya shafe fiye da shekara goma yana gyara shi. A nan ba a ba ka dogon rubutu. Ana ba ka take ne na jimla ɗaya, da akwatuna kaɗan marasa komai a ciki, da 'yan wurare kamar wajen ɗaurin aure ko maƙabarta, da 'yan mutane. Kai za ka jera su. Idan ka haɗa mutum biyu a akwatin farko suka so juna, ka sa ɗaya a kabari a akwati na biyu, to duk inda ka ajiye ɗayan a gaban kabarin za ka ga yana hawaye, domin wasan yana tuna abin da ya gabata. Idan ka sauya jerin, ma'anar ta sauya gaba ɗaya. Ban taɓa ganin abin da ya nuna mini ƙashin bayan labari a fili kamar wannan ba, wato cewa abin da ya zo kafin wani abu shi ke ba shi nauyi.

A cikin wannan wasa ne wata rana kakata ta faɗo mini a rai, Allah Ya jiƙanta. A gidanmu na cikin gari, idan an gama cin tuwon dare, mukan kewaye ta, ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu amsa da ta zo mu ji ta. Tatsuniyar da ta fi yawan ba mu ita ce ta ɗiyar Bora da ɗiyar Mowa, kuma sai yanzu, bayan shekaru masu yawa, na lura da yadda aka gina ta. Ana korar ɗiyar Bora ta je ta wanko shimfiɗa a Ruwan Bagaja. Tana tafiya tana haɗuwa da abubuwan al'ajabi, tana gaishe su da ladabi, ba ta yi musu dariya ba. Ta isa wata bukka ta tarar da cinya da kare, cinya tana gurnani kare yana fassara, aka ba ta ƙwayar shinkafa ɗaya da ƙashi aka ce ta dafa, ta dafa ba gardama, tukunya ta cika. Da za ta tafi aka ce ta zaɓi ƙwai, ta ɗauki ƙarami, aka yi mata gargaɗi cewa inda ta tambaya aka amsa mata ta wuce, inda ta ji shiru ta fasa. Ta bi umarni, ta koma gida da dawaki da dukiya. Daga nan sai labarin ya koma farko. Ɗiyar Mowa ta kama hanya guda, ta haɗu da abubuwa guda, aka yi mata tambayoyi guda, ta ba da amsa daban a kowace mahaɗa, ta dawo da abin kunya.

Wannan fa shi ne ainihin tsarin labari mai rassa. Kakanninmu sun riga sun san cewa hanya ɗaya ana iya bin ta sau biyu a ga abin da zaɓi ke haifarwa, sun kuma san daɗin da mai sauraro ke ji idan ya riga ya san amsar yana kallon wani yana kuskure. Mu yara mukan yi ta ihu muna cewa kada ta fasa a nan, kamar tana jin mu. Haka ma Daskin-da-riɗi, inda 'yan mata ke tafiya neman saurayin da ya ce ba zai auri kowa ba sai wadda ta san sunansa, tsohuwa a bakin rafi ta roƙe su su cuɗa mata baya suka ƙi, sai wadda aka raina ta tsaya ta cuɗa, ita kuma aka faɗa wa sunan. Sunan nan mabuɗi ne da aka ɓoye a wurin da masu gaggawa ba za su duba ba, kuma duk mai ƙera wasa ƙwaƙwalwa zai gane wannan dabara nan take. Ga kacici-kacici da muke buɗewa da ƙulin ƙulifita, ga dara da dattawa ke yi a gindin bishiya da ramuka 30 da 'ya'ya goma sha biyu-biyu. Ba mu rasa kayan aiki ba ko kaɗan.

Akwai wani al'amari game da waɗannan wasanni da ba zan tsallake shi ba, domin duk wanda ya shiga dandalin zai ci karo da shi, kuma gara ya ji daga bakina. Kaso mai yawa na masu ƙera ƙananan wasannin tatsuniya mutane ne masu son jinsinsu, ko waɗanda ba su ji daɗin zama a jinsin da aka san su da shi ba, kuma suna sa wannan a cikin aikinsu a fili. A Bad End Theater shaƙuwar da ke tsakanin budurwar da sarauniyar aljanu ita ce zuciyar labarin. A Storyteller wasan ba ya hana ka haɗa kowane mutum biyu a akwatin soyayya. Tun daga 2021 ma akwai tarin wasannin irin waɗannan mutane da ake haɗawa a sayar tare a itch.io a watan Yuni. Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Tatsuniyoyin da suka tashi da su suna ƙarewa ne da ɗan sarki ya auri gimbiya, su kuwa ba su taɓa ganin kansu a wannan ƙarshe ba, saboda haka suka ɗauki tatsuniyar suka sake ƙera ta.

Ni Musulmi ne, a Bauchi aka haife ni, na san hukuncin addini a kan wannan, na san jiharmu tana aiki da shari'ar Musulunci tun 2001, na kuma san dokar tarayya da ta haramta auren jinsi wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2014. Ban zo nan domin in yi fatawa ko in warware wata ba, wannan aikin malamai ne. Ina faɗa ne da farko domin iyaye su sani, su riƙa duba alamomin da ake rubutawa a ƙarƙashin kowane wasa kafin su miƙa wa yaro waya. Amma zan yi rashin gaskiya idan na ce abin da na tarar a ciki bai taɓa ni ba. A waɗanda na buga, abin da ya fi yawa shi ne tsoro: tsoron a gane ka, tsoron a kore ka daga gida, tsoron cewa an riga an rubuta maka mummunan ƙarshe tun kafin ka yi laifin komai. Wannan tsoron kuwa na san shi, domin shi ne na ɗiyar Bora a ranar da aka miƙa mata shimfiɗa aka nuna mata ƙofa.

Ya kuma tuna mini da wani yaro da muka yi firamare tare. Muryarsa siririya ce, tafiyarsa a hankali, ya fi son zama cikin 'yan mata ana tatsuniya da gaɗa a kan ya bi mu ƙwallo. Muka sa masa ɗan daudu, muka riƙa binsa da waƙa idan an tashi, har ta kai ya daina fitowa tara, yana zama a aji shi kaɗai da ɗan ƙullin gyaɗarsa. Ina cikin masu waƙar. Yaro ne ɗan shekara tara da bai aikata komai ba, mu kuma da dare mukan koma gida mu zauna gaban kakanninmu muna tausaya wa ɗiyar Bora, ba mu taɓa haɗa biyun a ranmu ba. Daga baya iyayensa suka bar unguwar. Sau da yawa idan na kai wani ƙarshe mai ɗaci a cikin waɗannan wasanni shi nake tunawa, in yi masa addu'a, in nemi gafarar Allah.

Abin da masu ƙera wasannin nan suka koya mini shi ne yi wa tatsuniya tambayar da ba mu saba yi ba, wato wa aka bari a waje lokacin da aka ce ƙurunƙus. Wasan Cinders, wanda wata ƙaramar ƙungiya mai suna MoaCube ta ƙasar Folan ta fitar a 2012, ya ɗauki labarin marainiyar nan ta Turai mai takalmin gilashi ya ba kishiyar uwar da 'ya'yanta biyu dalilansu, har mai wasa ya fahimci abin da ya mai da su haka, ya kuma bar yarinyar ta zaɓi ko ta shiga fada, ko ta karɓi ragamar gidan ubanta, ko ta bar garin. Da na juyo da wannan tambaya kan tamu tatsuniyar sai na ga abubuwa biyu da suka dame ni. Ɗiyar Mowa yarinya ce ita ma, uwarta ce ta shagwaɓa ta, ta kuma tura ta hanya saboda ƙyashi, amma ita ce ta ɗauki dukan hukuncin. Sannan a yadda aka ba mu labarin, abin da ya fito daga ƙwanta a matsayin horo shi ne kutare da makafi da guragu, muna ta dariya, alhali a unguwarmu akwai makaho mai kirki da ke koya wa yara karatun allo. Ban ce a jefar da tatsuniyar ba, ina ƙaunarta fiye da yadda zan iya faɗa. Ita tatsuniya dama ba a taɓa kulle ta ba, kowace kaka tana ƙara nata tana rage nata, shi ya sa idan ka duba waɗanda Frank Edgar ya tattara ya buga tsakanin 1911 da 1913 za ka ga sun sha bamban da yadda ake ba da su a gidaje yanzu.

Saboda haka na fara ƙera nawa. Ina amfani da Ren'Py, manhajar da Tom Rothamel ya fara fitarwa a 2004, wadda kyauta ce, an gina ta a kan harshen kwamfuta na Python, kuma tana iya fitar da wasa na kwamfuta da na wayar Android. Rubutu a cikinta ya yi kama da rubutun wasan kwaikwayo: sunan mai magana, sai abin da ya ce, sai 'yan kalmomin umarni da ke nuna inda labari zai rabu da inda zai koma ya haɗu. Wanda ma bai son ganin lambobi yana iya farawa da Twine, na Chris Klimas, wanda ya fito a 2009, inda ake jera sassan labari kamar katuna a haɗa su da kibiyoyi. Mai son wasa ƙwaƙwalwa zalla kuma akwai PuzzleScript na Stephen Lavelle tun 2013, wanda ya dace da wasannin tura akwati irin Sokoban na Japan na 1982. A kowane watan Maris masu labari mai hotuna suna yin gasar NaNoRenO, inda ake ƙera wasa daga farko zuwa ƙarshe cikin wata guda, kuma burina in shiga da aikin Hausa.

Matsalar farko da na ci karo da ita ta haruffa ce. Na zaɓi wani salon rubutu mai kyau, na rubuta ɗiya da ƙwai da ɓera, sai ga akwatuna fanko a wurin ɗ da ƙ da ɓ, dole na koma ga salon da ke ɗauke da haruffanmu masu lanƙwasa ko da bai kai wancan ado ba. Ban yarda in rubuta kwai a wurin ƙwai ba, domin yaron da zai buga wasan yana koyon rubutu ne ko bai sani ba. Hotuna kuwa ɗalibata ce ke zana mini su da biro a takarda, ina ɗauka da waya, kuma cinyar da ta zana, da ɗan bakinta a gwiwa, ta fi duk yadda na taɓa hasashenta ban tsoro.

Matsala ta biyu ta fi zurfi, kuma har yanzu ina fama da ita. A bakin kaka ladabin ɗiyar Bora yana da daɗin ji, amma a kan allo, idan aka rubuta wa mai wasa zaɓi biyu, ɗaya ya ce gaishe da tsohuwa ɗaya ya ce zage ta, babu wanda zai tsaya tunani, kuma wasan ya mutu ke nan. Dole kirki ya zama yana da tsada. Don haka na sa rana a saman allo tana tafiya, na ce dole yarinyar ta isa ruwan kafin magariba, kuma duk tsayawar da ta yi domin ta taimaki wani tana cin lokacinta. Na kuma sa mai wasa ya buga labarin sau biyu, da farko a matsayin ɗiyar Bora, sannan a matsayin ɗiyar Mowa, wadda ke tafe da muryar uwarta a kunne tana ce mata ta yi sauri, kada ta taɓa ƙazanta, kada ta dawo da abin da bai kai na 'yar kishiya ba. Abin da ta farkon ta yi a hanya yana nan yana jiran ta biyun, kamar yadda na gani a wasan NomnomNami.

Makon jiya na ba 'yar yayata, mai shekara goma sha ɗaya, ta gwada abin da na kammala. Ta zauna a tabarma ta ɗora kwamfutar a cinya, ta wuce zagayen farko ba tare da ta yi magana ba, sai dai ta ɗan ja baya da kare ya fara fassara. A zagaye na biyu ta daɗe a gaban bukkar, yatsanta a kan linzami, muryar Mowa tana ta maimaituwa a ƙasan allo. Sai ta zaɓi ta dafa ƙwayar shinkafar. Allon ya yi baƙi, domin ban rubuta abin da zai biyo bayan wannan zaɓi ba, ban zaci wani zai kai can da wuri haka ba. Ta ɗago kai ta ce, "Kawu, to idan ita ma ta yi ladabi, me za ta samu? Kuma idan ta koma gida me za ta ce wa mamarta?" Na ce mata ta ba ni mako guda. Ta ce ita dai kada in sa kutare, domin mai sayar musu da itace kuturu ne kuma yana ba ta rake. Na ɗauko littafina na rubuta wannan a shafin da na ware wa reshen ɗiyar Mowa, wanda har yanzu layi uku ne kawai a cikinsa.